Ranar da Zeblon Ya Zagi Direban Jirgi

A buga ganga, a busa ƙaho, mata su rangaɗa guɗa, karnuka su rufa mana baki. Ga Zeblon Madonsela na Nsimbini, sarkin taragu, ubangidan ƙarfen dogo, mai yatsu takwas da baki goma! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaga hannu jiragen kwal su tsaya, ya sauke su tashi, amma mace ɗaya ta gagare shi har bayan ranta. Daga Ermelo har bakin teku, shi kaɗai na sani wanda matarsa ta yi masa yaji bayan an binne ta.

Kakana ne. Ni ne Velaphi, ɗan 'yarsa Zodwa, wanda makaranta ta gaji da shi tun kafin shi ya gaji da ita. Tunda ba ni da aikin fari balle na baƙi, ni zan ba da tarihinsa. Wanda ya fi ni sani ya zo ya karɓa.

An haife shi a gonar wani Bature, a shekarar da fara ta cinye masara, in ji shi. Gogo, wato kakata MaSibeko, takan ce duk tsohon da ya ɓatar da shekarunsa sai ya ɗora wa fara. A zamanin, Nsimbini ciyawa ce iya ganinka, da shanu, da wani rafi da mata ke kama kifi a cikinsa da kwando. Kwal yana can ƙasa yana barcinsa, bai tsokani kowa ba. Rami ɗaya ne tak a gefen tudu, maza su shiga da fitila a goshi, su fito haƙoransu kaɗai ke da fari, sai wani siririn layin dogo da aka jawo har bakin ramin. Wata rana Zeblon yana kiwon shanun Baturen, kan jirgi ya taho yana tari yana tofar da hayaƙi. Ya bi shi da ido, sannan ya bi shi da ƙafa. Shanun suka faɗa masarar Bature. Har yau bai koma ya ji yadda aka ƙare ba.

Ya fara da diga da shebur cikin masu gyaran layi. Daga nan ya zama mai haɗa taragu, wato wanda ke shiga tsakanin wannan tarago da wancan ya sarƙafa su, ya fito ya ɗaga wa direba hannu. A can ya bar yatsunsa biyu. In ka tambaye shi sai ya ce jirgi bai ci ba, ajiya ya ba shi. Yana gane direba ta birkinsa kamar yadda uwa ke gane ɗanta ta kuka, kuma babu abin da ya tsana a duniya irin mugun birki.

Da ya tara shanun aure ya ɗauko MaSibeko, ya ajiye ta a gidan ubansa, ya koma bakin dogo. Sai ƙarshen wata ya zo da sukari da sabulu da labari. Labarin kuma ɗaya ne.

"Baban Zodwa, rufin ɗakin nan yana yoyo."

"Yoyo? Ai ba ki ga yoyo ba. Akwai wani kan jirgi a Vryheid, tukunyarsa..."

"Baban Zodwa, jar saniyar nan ta ƙi cin ciyawa."

"Haka wani direba ya yi mana, ya ƙi cin abinci don an ba shi tsohon inji."

Gogo ta koyi hawa rufi da kanta. Ita da aka aura wa mutumin jirgi, ko sau ɗaya ba ta taɓa sa ƙafarta a jirgi ba. Ya yi mata alkawarin zai kai ta ta ga teku. Kafin ya shirya aka soke jirgin fasinja a layinmu, aka bar na kwal, shi kuwa ba ya ɗaukar mai numfashi.

Lokacin da ya yi ritaya ya dawo gida zai zauna, gidan ne ya fara shirin tashi. Kamfani ya gano cewa tura mutum cikin rami ɓata lokaci ne, gara a ɗage ƙasar gaba ɗaya kamar murfin tukunya a kwashe abin da ke ciki. Suka kawo wata na'ura mai dogon wuya, mu muna ce mata Uwar Haɗama, bakinta zai haɗiye motar bas har da kwandasta. Ta ci gonar Baturen, ta ci rafin, ta ci filin da muke ƙwallo. Kullum rana tsaka jiniya ta yi kuka, a tashi nakiya, kofuna su yi rawa a kan kanta, bango ya ƙara tsagewa. Ruwan rijiya ya koma kalar shayi, shanu su sansana su kau da kai. A cikin wannan ƙurar Gogo ta fara tari. Ta yi damina biyu tana yi, sannan ta daina. Aka binne ta a bayan garke, kusa da surukanta.

Ba a daɗe ba aka ce mu tashi, Uwar Haɗama tana son wurin. Aka gina mana gidaje a ƙetaren layin dogo, can bayan tudu, jere reras, duk iri ɗaya, har mashayi ba ya gane nasa. Muka sa wa unguwar suna Akwatunan Ashana. Aka tone kaburbura, aka zuba ƙasusuwa a ƙananan akwatuna aka kai sabuwar maƙabarta.

To, ƙashi ai ko katafila tana iya ɗauka. Mutumin kansa sai an je an roƙe shi. Babban gida ne zai yanko reshen magaryar kura, mai ƙaya bibbiyu, ɗaya ta miƙe gaba ɗaya ta lanƙwaso baya. Ya je inda mamacin yake, ya durƙusa, ya kira shi da kirarin gidansu, ya ce taso mu tafi gida. Daga nan har ƙofar gida ba waiwaye, ba komawa baya, kuma ba magana da mai rai. Da mamacin kaɗai zai yi magana, ya riƙa gaya masa hanya: ga rafi za mu tsallaka, ga mota za mu hau. A motar ma sai an biya masa kujera. In ka kuskura ka yi wa wani magana, nan zai sauka.

Mkhulu, haka nake kiran kakana, ya kwaso uwarsa da ubansa da yayansa lafiya lau, don hanyar ranar babu kowa. Da aka zo kan Gogo sai Mama ta ce ko a bar wa ƙanensa, don ta san bakin ubanta.

"Matata ce," in ji shi. "Ni na kawo ta, ni zan mayar da ita."

Ranar mun bi shi a baya, dangi duka. Ya yi abin a yaba. Maƙwabci ya gaishe shi, ya wuce kamar kurma. Kare ya yi masa haushi, ko tsawa bai yi ba. Yana tafe yana cewa, "MaSibeko, ga kwari, taka a hankali. MaSibeko, ga inda shagon Ba'indiye yake a da." Har muka iso matsallaka, inda hanyar ƙasa ke haye layin dogo. Sai ga jirgin kwal, cike, dogo kamar wa'azin Lahadi. Direban wani yaro ne, ya taka birki kamar wanda ya ga maciji. Taragu suka shiga karo da juna, gwaram, gwaram, gwaram, tun daga kai har wutsiya. Kan jirgin ya tsaya daidai gabanmu, yaron ya leƙo ta taga.

"Kai ɗan banza!" in ji Mkhulu. "Uban wa ya koya maka birki? Jirgi ne aka ba ka ko amalanke?"

Mama ta ɗora hannu a ka. Yaron ya ce, "Sannu Baba," bai san abin da ya jawo ba. Mkhulu ya dubi reshen da ke hannunsa, ya ɗan jijjiga shi kamar mai auna kaza.

"Ta sauka," ya ce.

Da farko ba mu ɗauki abin da zafi ba. Wanda ya sauka ai sai a koma a ɗauko shi. Aka yanko sabon reshe, ya koma matsallaka, ya kira, ya taho har Akwatunan Ashana bakinsa a rufe. Aka kayar da akuya a ƙofar gida. A wurinmu sai akuya ta yi kuka a ƙarƙashin wuƙa ake sanin wanda aka ɗauko ya iso, ya karɓa. Wannan akuyar ta zuba wa Mkhulu ido kawai har ta mutu. Aka sake, da wata akuyar, mai surutu ce ma, duk unguwa ta sani. Ita ma ta mutu shiru. Mama ta yi mafarkin Gogo zaune a kan wani dutsen siminti da ke gefen matsallaka, ta ɗaure ɗankwali tamau, ta juya baya. Aka je wurin mai duba, ta watsa ƙasusuwan dubanta a tabarma, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Matarka ta ce duk zaman da kuka yi da jirgi kake magana. Rana ɗaya tak aka ce ka yi da ita kaɗai, ka kasa."

Wannan ai ko ni da ba ni da ƙasusuwa zan faɗa, kuma kyauta.

Washegari Mkhulu ya naɗe bargonsa, ya ɗauki buta da kujera, ya tare a wani tsohon ɗakin masu gyaran layi da ke gefen matsallakar. Ya ce ba zai kwana a sabon gida matarsa tana waje ba.

Bari in gaya maka yadda wurin yake. Gabanka layin dogo. Bayanka ramin Uwar Haɗama, in ka leƙa tifofi kamar tururuwa. Dama tudun tarkacen da aka tono, wanda ke cin wuta ta ciki, ko ruwa ake yi yana hayaƙi. Hagu waya mai ƙaya. Tsakiya tsoho ɗaya, dutsen siminti ɗaya, sai ni. Ni kuwa na riga na haɗa jakata zan tafi Durban, don a ramin ba sa ɗaukar wanda ba shi da takardar gama makaranta, ko share ƙura ne. Mama ta ce, "Ba inda za ka sai kakanka ya dawo gida." Na ce wannan ai tsakanin miji da mata ne, me ya kawo jika? Ta miƙo mini kwanon tuwon masara da nono ta nuna mini hanya. Kwano ya zama kwana, kwana ya zama damina uku. Kullum jirage suna wucewa ta gabana zuwa teku, dutse ma yana tafiya, ni ina tsaye.

Shi kuwa tsohon zawarci ya buɗe sabo. Da safe ya share gindin dutsen, ya ajiye mata shayi da sukarin da likita ya hana ta, da ɗan garin taba. Ya juya kujerarsa ya ba dogo baya, wai don ta ga ya tuba. Jirgi in ya taho sai ya ƙura wa dutsen ido kamar bai ji ba. Amma ni ina ganin babban yatsan ƙafarsa cikin takalmin roba yana ƙirga taragu. Na tabbata Gogo ma tana gani.

"Mkhulu, ka haƙura da ita mana. Ga mai fanke a bakin tasha kullum tana tambayarka."

"Da bakinka gona ne, yaro, da mun fi Bature masara."

"To ni ka bar ni in gwada. Dama Gogo ni ta fi so, kai tsufa ya kama ka."

"Kai? Wanda ko wandonsa bai san hanyar ƙugunsa ba?"

Duk shekara yakan gwada da sabon reshe. Ya durƙusa, ya zuba kirarin gidan Sibeko tun daga kakan kakanni, ya miƙe, ya auna reshen, ya ajiye. "Ba nauyi," ya ce. Ko akuya ba ma saya.

Ramin kuwa bai tsaya jiran sulhu ba. Da muka tare, sai ka yi tafiya kafin ka kai bakinsa. A damina ta uku, in na watsa ruwan wanke kwano ta bayan ɗaki, a ciki yake sauka.

Ran nan sai ga mutane da fararen huluna suna kafa turaku masu jan ƙyalle, ɗaya har a jikin dutsen Gogo. Maigadin ɓangaren, wani mai suna Shabangu, wanda ya saba shan shayinmu, shi ya fassara mana. An gama sabon layi ta gabas, za a ɗage wannan. Akwai kwal a ƙarƙashin matsallakar, mai kyau. Daga Juma'a za a rufe hanyar, a fara huda ƙasa.

"Ƙasar wurin ina za ta?" in ji Mkhulu.

"Ta sama a zuba a tudu, Baba. Kwal ɗin a loda a tarago."

"Daga nan?"

"Teku. Jirgin ruwa. Ƙasar Sin ko Indiya, oho."

Na ce, "Ka ga Gogo za ta riga ni fita waje." Ba wanda ya yi dariya. Ni ma da na ji abin da na faɗa sai bakina ya yi ɗaci. Matar da ba ta taɓa wuce Ermelo ba, a kwashe ta da shebur, a kai ta inda ba mai jin kirarin gidansu, a ƙone ta don wani ya kunna fitila. Kuma daga ranar babu inda za a durƙusa a kira ta, don wurin kansa ba zai kasance ba.

Na kawo shawara mu liƙe masa baki da salatif. Ya ce da me zai gaya mata hanya, da hanci? Muka tsaya a kan cewa ni zan zama bakinsa. Duk mai rai da ya yi masa magana ni zan amsa. Karon farko ke nan da aka nemi bakina don wani amfani.

Ranar Alhamis da hantsi ya sa tsohuwar rigarsa ta coci, ya ɗauki reshe, ya durƙusa gaban dutsen. Na gyara tsayuwa ina jiran kirari. Bai yi ba.

"MaSibeko," ya ce, "yau ban zo da daɗin baki ba, kin san ba ni da shi. Gobe za su rufe nan su haƙe. In kin tashi, mu tafi. In kin zauna, na zauna, a loda mu tarago ɗaya. Ko ba komai kin hau jirgin da na yi miki alkawari."

Iska ta kaɗa jan ƙyallen. Da ya miƙe sai na ga kafaɗarsa ta dama ta sauka, kamar mai ɗauke da bokitin ruwa. Bai dube ni ba. Ya ce, "Yawwa. Taka a hankali, akwai tsakuwa."

Daga dutsen zuwa dogo ko jifa ba a yi. Muna isa, ƙarfen ya fara waƙa. Jirgi. Muka tsaya ya wuce, ya yi ta wucewa, ya rage gudu, ya rage, ya tsaya cak. Tarago a gabanmu, baƙi, ya fi ɗaki tsawo. Na duba dama ban ga kai ba, na duba hagu ban ga wutsiya ba. Wutar layin ce ta ɗauke, ko an sace waya, abin da kan sa jirgi ya wuni a wuri ɗaya.

Na ce, "Mkhulu, mu bi ta ƙarƙashi." Na manta ba zai amsa ba. Ya ce wa reshen, "MaSibeko, jikanki yana so in ja ki a ƙasa kamar buhu. Ƙarƙashin tarago kuwa ko kare mai hankali ba ya shiga."

Muka tsaya. Rana ta hau. Sai jiniya ta fara kuka a bayanmu.

Nakiyar ranar a bakin ramin aka dasa ta, kusa da ɗakinmu. Kullum in za a tashi irinta Shabangu yakan zo ya kwashe mu a mota ta hanyar baya zuwa babbar ƙofa. Ga shi kuwa ya taho da ƙura.

"Baba, ku shigo, maza! Yau ta kusa ce!"

Na tare shi. "Ba ya ji, ba ya gani, ba ya juyawa. Ni ne bakinsa, yi magana da ni."

"Kai Velaphi, ba lokacin iskancinka ba ne. Duwatsu za su sauka a nan!"

"To ka gaya wa jirgin ya matsa. Mu gaba muka nufa."

Ya zagayo zai kama hannun tsohon, sai idonsa ya faɗa kan reshen. Ya tsaya. Shabangu ɗan gida ne, shi ma ya ɗauko ubansa daga wani rami a bara. Ya cire hularsa, ya rusuna, ya ce a hankali, "Sannu da hanya, Mama." Sannan ya ja gefe ya ciro oba-obarsa.

Ina jin muryar mai nakiya tana fita kamar ana soya gyaɗa. Wane ne a wurin? Me ya sa ba a kwashe su ba? An riga an ɗura, ba a barinta ta kwana. Su nawa ne?

Shabangu ya dube ni, ya dubi Mkhulu, ya dubi reshen. "Su uku ne, ranka ya daɗe. Ɗaya tsohuwa ce, ba ta iya sauri."

Aka ce an ba mu ɗan lokaci, kaɗan, bayan haka ko a ɗaure ne a fitar da mu. Shabangu ya zauna a kan bonet ɗin motarsa yana goge gumi. Ni ina kallon tarago, ina kallon agogon hannunsa. Gaba ƙarfe, baya wuta.

Mkhulu ne ya sami abin faɗa. Ya sunkuyar da kai yana magana ƙasa-ƙasa, ni kuma kunnena ba ya da ladabi. Ya ce mata ranar da aka haifi Zodwa an ba shi hutu, shi ne bai zo ba, don tsoron jini yake yi, ya ce mata an hana shi. Ya ce bargon nan mai ja da ta gani a shagon Ba'indiye, ya koma zai saya ya tarar an sayar, kunya ta hana shi faɗa. Ya ce lokacin da take tari yana ji, duk dare yana ji, in ya ɗaga murya da labarin jirgi don kada ya ji ne. Ya ce jar saniyar nan, ashe ƙusa ta haɗiya, ya gani da aka yanka, ita ce da gaskiya. Abubuwa ƙanana haka, ya yi ta zubo su kamar mai zazzage aljihu. Shabangu ya juya yana duba tayar motarsa, wadda ba abin da ya same ta.

Jiniya ta sake kuka, ta biyu. Sai wayar sama ta yi ƙara, wuta ta dawo.

Ban san ko yaron nan ne na farko ba, ko ƙanensa, amma makarantarsu ɗaya. Maimakon ya ɗauki jirgin a hankali sai ya fizge shi. Gwaram! Gwaram! Gwaram! Ƙarar ta taho daga can gaba tana bin taragu ɗaya-ɗaya, ta wuce ta gabanmu kamar ana rushe kasuwar maƙera. Na dubi Mkhulu. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Gemunsa yana rawa. Hannunsa na hagu, mai yatsu uku, ya fara tashi da kansa. Bakin ya buɗe. Na ce shi ke nan, Gogo sai Sin.

Ya sunkuya kan reshen.

"MaSibeko, kin ji? Kin ji abin da nake gaya miki? Yaran yanzu ba su iya ja ba. A hankali ake ɗaukar tarago, ɗaya ya tashi ɗaya, kamar yadda kike tashin yara da safe. Wannan ɗan... wannan bawan Allah, ko kura ba zan ba shi ya tura ba. Ke ma kin ji, ko?"

Ya auna reshen. Kafaɗar tana nan a sauke.

Wutsiyar jirgin ta wuce. "Ga dogo, ɗaga ƙafa. Ga na biyu." Muka haye. Shabangu ya biyo mu da mota a hankali kamar mai rakiyar amarya, yana ta magana a oba-oba. Mun ɗan yi nisa ƙasa ta girgiza, ƙarar ta daki bayanmu, tsakuwa ta zubo a ciyawa. Ni na waiwaya, don ni ba a hana ni ba. Bangon ɗakinmu na baya ya tafi, ƙura ta rufe dutsen. Mkhulu ya ce, "Ba komai, tsawa ce. Mu je."

A bakin titi muka tari motar haya, na biya kujera uku. Wata mata mai jiki ta zo za ta zauna a ta tsakiya, na ce, "Da mutum, Anti." Ta buɗe baki za ta wanke ni, ta ga reshen, ta haɗiye, ta ce, "A yi haƙuri, Mama, ban gan ki ba," ta koma baya ta matse wani ɗan makaranta.

Mama tana ƙofar gida da akuya, aro ma ta yi. Babu garke a Akwatunan Ashana, a gefen igiyar shanya aka kayar da ita. Wuƙa tana taɓa ta ta kwarma ihun da ya tashi karnukan layi uku. Mama ta zauna a ƙasa tana kuka. Mkhulu ya shiga ɗaki, ya soke reshen a saman ƙofa, tsakanin katako da kwano, ya daɗe a ciki. Aka dafa nama, aka zagaya da ƙwaryar giyar dawa, maƙwabta suka cika tsakar gidan da bai fi tabarma huɗu ba.

Da la'asar na fito da jakata, wadda ta yi damina uku a ɗaure. Daga ƙofar gida ana hango wuyan Uwar Haɗama ya leƙo ta saman tudu, kuma a bayan layin gidaje na ƙarshe, kusa da sabuwar maƙabarta, wani ya riga ya kafa turaku masu jan ƙyalle. Na yi kamar ban gani ba. Hadari yana haɗuwa ta gabas. Mkhulu yana zaune a kujerarsa, ya ba tudun baya.

Na hau kan bokiti na ɗaga murya. "Jama'a, a saurara! Ga Zeblon Madonsela, wanda ya tsayar da nakiya da reshen itace! Wanda ya haɗiye zagi ya rayu! Angon MaSibeko karo na biyu! Mkhulu, ga jikanka zai tafi Durban ya ba duniya labarinka. Faɗi kalma ɗaya da za a riƙa tunawa da kai."

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi jakar, ya dubi hadarin.

"Ta ce rufin nan ma yana yoyo," ya ce. "Ajiye jakar nan ka aro tsani."